Sauya Tayoyin Ranfilat da Tayoyi na Gama-gari a Ƙaramar Mota

A cikin motocin tokumbo da ake saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Legas akwai wani rukuni da mai saye ba ya gane bambancinsa da sauran sai ranar da taya ta sace. Ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗa, ya tarar babu safaya, babu jak, babu ko ramin da za a ajiye su. Da yawa sukan zargi dillali da cirewa ya sayar. Wani lokacin zargin gaskiya ne, amma a ƙananan motoci irin su MINI Cooper S da BMW 1 Series, haka kamfanin ya fito da su tun daga masana'anta. An ɗaura musu tayoyin da 'yan kasuwa ke kira ranfilat, wato taya mai iya ci gaba da tafiya bayan iskarta ta fice, kuma saboda ita ne aka ga babu buƙatar taya ta biyar.

Idan waɗannan tayoyi suka suɗe, mai motar yakan tsaya tsakanin abu biyu: ko ya sake neman irinsu, da tsadarsu da wuyar samunsu, ko ya koma tayoyi na gama-gari da ake samu a kowane shago. Komawar mai yiwuwa ce. Masu irin waɗannan motoci a Turai da Amurka ma suna yin ta sosai, kuma a kan hanyoyin Najeriya sau da yawa ita ce ta fi dacewa. Sai dai ba cinikin tayoyi huɗu ba ne kawai. Ranfilat ita ce safayar motar, ita ce kuma ta sa ba a sa mata jak da sifana ba. Wanda ya cire ta bai tanadi abin da zai tsaya a gurbin waɗannan ba, ƙusa ɗaya ta isa ta tsayar da shi a tsakiyar daji.

Yadda ranfilat take aiki

A tayar gama-gari iska ce ke ɗauke da nauyin mota, robar mazubi ce kawai. Da zarar iskar ta fice, gefen tayar ya lanƙwashe, wili ya hau kansa yana murƙushe shi a kan kwalta, kafin a yi nisa tayar ta tashi daga aiki. Ranfilat ɗin da ake sa wa ƙananan motoci kuwa, an ƙara wa gefenta biyu roba mai kauri da tauri, mai jure zafi, ta yadda ko babu iska gefen zai tallafe motar. An kuma ƙarfafa bakinta da ke kama wili don kada ta zame ta fita a kwana.

Ƙa'idar da akasarin kamfanonin taya suka bayar ita ce tafiyar kilomita 80, a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ɗaya ba. Kusan nisan Kaduna zuwa Zariya ke nan, bai kuma kai tsawon babbar hanyar Legas zuwa Ibadan ba, wadda ta haura kilomita 120. Wannan adadi ba alkawari ba ne. Tayar da ke tafiya ba iska tana ɗaukar zafi sosai, kuma lodi, gudu, kwanoni da zafin kwalta duk suna rage mata nisan da za ta kai. Shi ya sa littattafan wasu motoci suke ba da nisa dabam-dabam gwargwadon yawan mutane da kayan da ke ciki. Motar da ta cika da iyali a tsakar rana cikin watan Afrilu ba za ta samu abin da mutum ɗaya zai samu da sanyin safiya ba.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Kamfanin Dunlop ya fito da tayar Denovo a Ingila a 1973, aka sa ta a motar Rover, daga baya kuma a tsohuwar Mini 1275 GT. Bridgestone ya yi wa Porsche 959 irinta a 1987, sannan Chevrolet Corvette ta 1997 ta fito ba tare da safaya ba kwata-kwata. Amma kamfanin BMW ne ya kai ta ga motocin jama'a. Bayan ya farfaɗo da MINI a masana'antarsa ta Oxford a 2001, ya fito da Cooper S a 2002, sai 1 Series a 2004 da sabuwar 3 Series a 2005, duka bisa tsarin ranfilat. A Cooper S ta farko, salansa ta bi ta tsakiyar bayan motar, batir kuma yana ƙarƙashin but, wato wurin da safaya za ta zauna an riga an cinye shi. Abin lura, shi kansa BMW ya daɗe yana sa wa motocinsa masu tsananin gudu, waɗanda ke ɗauke da harafin M, tayoyi na gama-gari.

Gane ranfilat ba wuya, domin kowane kamfani yana buga alamarsa a gefen tayar. Bridgestone na rubuta RFT, Continental SSR, Michelin ZP, Goodyear ROF ko EMT, Dunlop DSST ko ROF, Hankook HRS, Pirelli kuma Run Flat ɓaro-ɓaro. Waɗanda aka yi wa BMW da MINI sukan ɗauki haruffan RSC a cikin da'ira, tare da tauraro, na Mercedes-Benz kuma MOE. Ya kamata a duba tayoyin huɗu ɗaya bayan ɗaya, domin motar tokumbo ta wuce hannaye da yawa, kuma ba abin mamaki ba ne a iske biyu ranfilat, biyu na gama-gari.

Abin da ke sa mutane barin ta

Na farko kuɗi. Ranfilat ta fi takwararta ta gama-gari tsada ko a ƙasashen da ake ƙera ta, a Najeriya kuma, inda ake shigo da tayoyin motoci daga waje tun bayan rufe masana'antar Michelin ta Fatakwal a 2007 da ta Dunlop ta Legas a 2008, canjin dala yana ƙara faɗaɗa tazarar. Sai wuyar samu. A Legas da Abuja za a iya dacewa da girman da ake nema, amma wanda tayarsa ta lalace a wani ƙaramin gari yakan jira a yi masa aike. Taya mai kai mutum kilomita 80 tana da amfani ne idan a ƙarshen wannan nisa akwai shagon da ke da irinta.

Na biyu shi ne batun faci, kuma nan ne aka fi samun saɓani tsakanin mai mota da mai faci. Tayar da ta yi tafiya ba iska, robar cikin gefenta tana iya ƙonewa ko tsattsagewa ba tare da an ga alama daga waje ba. Saboda haka wasu kamfanoni sun hana yin facin ranfilat ɗinsu gaba ɗaya, wasu kuma sun yarda bisa sharaɗin a cire ta daga wili a duba cikinta, a kuma tabbatar ba ta yi tafiya a sace ba. Mai facin bakin hanya zai soka mata igiyar roba daga waje, iska ta tsaya, kowa ya yi murna. Abin da ba a gani ba shi ne halin da gefen yake ciki, kuma shi ne zai ɗauki motar a ranar da aka sake samun matsala. A taƙaice, ƙusar da za ta ci wa mai tayar gama-gari kuɗin faci tana iya ci wa mai ranfilat kuɗin sabuwar taya.

Na uku kuwa ramuka. Gefen taya shi ne matashin farko tsakanin mota da hanya, kafin shokozoba ta karɓi aikinta. Idan gefen ya yi tauri, duk dukan da rami ko tudun rage gudu ya yi yana wucewa kai tsaye zuwa wili, da ƙafafun mota, da bayan direba. Ƙaramar mota mai gajeren jiki irin MINI ta fi jin wannan, domin ba ta da nauyi ko tsawon da zai shanye girgizar. Daga nan ake samun lanƙwasar wili ko tsagewarsa, da kumburin gefen taya, da ƙarar robobin cikin mota da ba a san daga ina take fitowa ba. Sababbin ranfilat sun fi na shekarun 2000 laushi, dole a faɗi wannan, amma har yanzu sun fi na gama-gari nauyi da tauri.

Shin tayar gama-gari za ta hau wilin?

Za ta hau. Wilin da aka yi domin ranfilat, wanda akan ga an buga masa EH2 ko EH2+ a bayansa, yana da ɗan tudu mai faɗi a ciki da ke riƙe bakin taya idan iska ta fice, kuma wannan tudu ba ya hana tayar gama-gari mai girma ɗaya zama daram. Ba sai an sayi sabon wili ba, ba kuma sai an taɓa shokozoba ba. Littafin motar dai zai ce a tsaya a kan ranfilat, dalilin da yake bayarwa kuma shi ne rashin safaya. Motar da ke ƙarƙashin garantin kamfani, ko wadda ke da inshora mai cikakkiyar kariya, ya kyautu mai ita ya tambayi waɗanda abin ya shafa kafin ya sauya.

Abin da ba a so shi ne gauraya. Taya mai taurin gefe da mai laushin gefe ba sa amsa sitiyari da birki iri ɗaya. Idan aka haɗa su a layi ɗaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, motar za ta riƙa ja gefe, a birkin gaggawa kuma tana iya juyawa. Ko raba su gaba da baya ma kamfanonin taya ba sa ba da shawararsa, domin gaban motar da bayanta za su riƙa shiga kwana da hali dabam-dabam, musamman a jiƙaƙƙiyar kwalta. Daidai shi ne a sauya huɗun a rana ɗaya. Ga motoci masu ja da ƙafa huɗu, irin su MINI Countryman ALL4, wannan ya fi zama dole, domin bambancin girman taya yana wahalar da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya.

Sai karanta lambobi, kuma nan ne ake yawan yin ganganci. A ɗauki 195/55 R16 87V, girman da aka saba gani a MINI mai wili inci 16. Lambar 195 faɗin tayar ne a milimita. Lambar 55 na nufin tsayin gefen kashi 55 cikin 100 ne na faɗin, wato kimanin milimita 107. Lambar 16 girman wili ne a inci. Lambar 87 tana nuna tayar za ta ɗauki kilo 545, harafin V kuma yana nufin an gwada ta har gudun kilomita 240 a awa. H na tsayawa a 210, T a 190, W kuma na kaiwa 270. Sabuwar tayar dole ta zo da girma ɗaya, lambar lodinta da harafin gudunta kuma su yi daidai da na asali ko su fi. Ba don direba zai yi gudun 240 ba ne. Harafin yana nuna ƙarfin ginin tayar da yadda take jure zafi, abin da ke da muhimmanci a ƙasa mai rana irin Najeriya. Akwai kuma darajar jure zafi da ake bugawa da A, B ko C, inda A ta fi. Takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ita ke da maganar ƙarshe kan girma da iska, kuma ita za ta nuna ko motar na cikin waɗanda tayoyin bayansu suka fi na gaba faɗi, kamar wasu BMW 1 Series.

Masu neman tayar gama-gari mai ɗan taurin gefe sukan zaɓi wadda aka rubuta wa XL, wadda aka ƙarfafa don ɗaukar ƙarin nauyi. Wata dabarar da ta fi wannan amfani a hanya mai ramuka ita ce rage girman wili. MINI mai wili inci 17 tana tafiya a kan 205/45 R17, wadda tsayin gefenta kimanin milimita 92 ne kacal. Idan aka sauka zuwa inci 16 da 195/55 R16, an samu ƙarin milimita 15 na roba da iska tsakanin wili da bakin rami, alhali tsayin ƙafar gaba ɗaya bai bambanta da ko kashi 1 cikin 100 ba, saboda haka agogon gudu ba zai ruɗe ba. Sharaɗin kawai shi ne ƙaramin wilin ya wuce kan birki ba tare da gugarsa ba, domin masu manyan birki, irin na John Cooper Works, ba sa karɓar ƙaramin wili.

Bayan sauyin, direba zai ji motar ta yi laushi, ƙarar hanya ta ragu, ƙananan ramuka sun daina kai masa duka. Zai kuma ji sitiyari ya ɗan rage kaifi, motar na ɗan kwantawa kafin ta amsa a kwana, domin an daidaita ƙafafunta ne bisa taurin ranfilat. Yawancin mutane sukan saba cikin 'yan kwanaki. Wasu sukan nemi maido da taurin ta hanyar ɗura iska fiye da kima, wanda kuskure ne: tsakiyar tayar za ta suɗe da wuri, riƙon hanya ya ragu. Lambar da aka rubuta a gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Ana bin ta jikin ƙofa, ana kuma awon ne da safe kafin tayar ta ɗauki zafi.

Taya ta biyar

Nan ne ainihin maganar take. A jerin laifuffukan hanya na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, akwai tuƙi da tayar da ta suɗe, akwai kuma tuƙi da tayar da wa'adinta ya ƙare ko ba tare da safaya ba. Mai ranfilat yana da bayanin da zai yi wa jami'i, ya nuna masa alamar da ke jikin tayar da littafin motar. Wanda ya koma tayar gama-gari ba shi da wannan hujja. Tarar ma ita ce ƙaramar matsala. Babbar ita ce tsayawa da dare a wurin da babu gari kusa, babu sabis ɗin waya, a hanyar da matafiya ke gudun tsayawa ko da rana.

Hanyoyin cike wannan gurbi uku ne, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Mafi sauƙi ita ce gwangwanin ruwan toshe huji tare da ƙaramin famfon lantarki da ake jonawa a mota, irin wanda kamfanoni da yawa ke sa wa sababbin motoci a madadin safaya. Yana aiki idan ƙusa ce ta shiga fuskar tayar, hujin bai wuce 'yan milimita ba. Ba ya aiki idan rami ya yanke gefen taya, ko wili ya lanƙwashe, ko taya ta yi bindiga, waɗanda su ne cututtukan hanyoyin Najeriya. Ruwan yana da ranar lalacewa a jikin gwangwanin, zafin but kuma ba ya taimaka masa. Famfon dai abin riƙewa ne ko da akwai safaya, domin yawancin huji a hankali suke zubar da iska, kuma ɗura ta sau biyu ko uku kan kai mutum gari.

Ta biyu ita ce siririyar safaya ta wucin gadi, wadda lambar girmanta ke farawa da harafin T. Ana ɗura mata iska mai yawa, yawanci psi 60, ba a kuma wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Wajen sayenta dole a duba adadin ramukan noti da tazararsu. MINI na ƙarni na farko da na biyu masu ƙofa uku suna da noti huɗu a da'irar milimita 100, waɗanda aka fara ƙerawa daga 2014 kuma noti biyar a da'irar milimita 112. BMW 1 Series na farko da na biyu suna da biyar a da'irar milimita 120. Safayar da aka tsinto a Ladipo, ko Apo, ko Panteka, ko Ƙofar Ruwa, kada a biya kuɗinta sai an ɗaura ta a motar, gaba da baya, an juya an ga ba ta taɓa birki. Idan ta hau baya kawai, to ranar da tayar gaba ta sace sai a sa safayar a baya, a dawo da lafiyayyar ta baya gaba, matuƙar girmansu ɗaya.

Ta uku, cikakkiyar taya a kan cikakken wili, ita ce ta fi dacewa da mai doguwar tafiya, domin ba ta da iyakar nisa ko gudu. Matsalarta wuri. But ɗin MINI ta farko lita 150 ne, ta biyu 160, ta uku 211. Cikakkiyar taya tana cinye kusan dukkansa, wani lokacin sai an kwantar da kujerar baya. Duk inda aka sa ta, dole a ɗaure ta tamau da igiya mai ƙarfi a jikin ƙugiyoyin but. Wili da taya suna da nauyi, kuma idan aka yi karo suna kwance sake a bayan fasinjoji, su ma makami ne. Wasu masu irin waɗannan motoci sukan ajiye cikakkiyar a gida, su ɗauke ta sai za su bar gari, a cikin gari kuma su wadatu da siririyar.

Safaya ba jak aikin banza ce. Motocin BMW da MINI suna da wasu 'yan matasai na roba a ƙarƙashin gefensu, a nan kaɗai ake kafa jak, kuma jak ɗin wata mota da bakinsa bai dace ba yana iya fasa su ko ya zame. Ana buƙatar sifanar taya mai tsawon hannu, da makullin notin sirri idan motar na da shi. Wannan ɗan makulli shi ne abin da ya fi ɓata a motocin tokumbo, kuma gara a gano ɓatansa a gareji da a gano shi a bakin hanya. Sai alamar gargaɗi mai kusurwa uku da tocila. Lambar kiran gaggawa ta FRSC ita ce 122.

Na'urar da ke lura da iska

Ranfilat ba ta nuna ta sace, saboda gefenta a tsaye yake, shi ya sa duk motar da aka ƙera da ita take da na'urar gargaɗin raguwar iska, wadda ake kira TPMS. Amurka ta wajabta ta a dukkan sababbin ƙananan motoci daga Satumba 2007, Tarayyar Turai kuma daga Nuwamba 2014. Iri biyu ce. Ɗaya tana da 'yar na'ura mai batir a cikin kowace taya, manne da bawul, tana aika ainihin awon iskar. Ɗayar kuma tana ƙirga juyawar ƙafafun ne ta na'urar birkin ABS, idan wata ta fara juyawa da sauri fiye da 'yan uwanta sai ta gane ta rage iska. Dukkansu suna aiki da tayar gama-gari ba tare da wani gyara ba, sai dai a sake saita su bayan an ɗura iska daidai, ta maɓalli ko ta allon dashbod.

Bai kamata a kashe ta ko a rufe fitilar da baƙin salatif ba, kamar yadda wasu ke yi idan ta dame su. Bayan barin ranfilat ma amfaninta ƙaruwa yake yi, domin gargaɗin da wuri shi ne zai sa direba ya kai wurin mai faci kafin tayar ta kwanta. Batirin 'yan na'urorin ba a sauya shi, yakan yi shekara 5 zuwa 10, saboda haka ranar da aka buɗe tayoyin ita ce ranar da ta fi dacewa a maye waɗanda suka mutu.

A kasuwa da wurin ɗauri

Duk ribar sauyin tana iya zubewa idan aka sayi muguwar taya. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan aka ga 2323, an ƙera tayar a mako na 23 na 2023. FRSC ta daɗe tana faɗakar da cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga ranar ƙera ta. Wasu kamfanonin taya suna ba da wa'adin da ya fi haka, amma a kan hanyar Najeriya da na hukumar ake aiki. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, duk da cewa kasuwa cike take da su da sunan Beljiyam. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa, SON, ta sha kama sababbin tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin kwantena, abin da ke lanƙwasa wayoyin bakinsu tun kafin su taɓa kwalta. Tayar da bakinta ya karkace ko gefenta ya yi ƙwanƙwasa, a bar ta komai arharta. Zurfin zanen da ake ɗauka a matsayin iyaka shi ne milimita 1.6, kuma akwai 'yan tudu a cikin tsagogin da ke nuna an kai wurin.

Akwai waɗanda zama a kan ranfilat ya fi musu. Mai yawan tafiyar dare shi kaɗai, da wanda ba shi da ƙarfin kwance taya, da mai bin hanyar da tsayawa a cikinta haɗari ne, kilomita 80 ɗin nan a wurinsu sun fi laushin tafiya daraja. Ranfilat kuma ta fi riƙe mota idan iska ta fice farat ɗaya ana cikin gudu. Mai zirga-zirga a cikin Abuja ko Legas, inda kwalta take da dama-dama kuma shagunan ke kusa, shi ma ba shi da babban dalilin sauyawa in ban da kuɗi.

Wanda ya yanke shawarar sauyawa, ya nemi shago mai injin cire taya na zamani. Gefen ranfilat ya fi ƙarfin ƙarfe da guduma, kuma ƙoƙarin ɓamɓare ta da hannu shi ke karce wili ya fasa 'yar na'urar da ke jikin bawul. Kafin a ɗaura sababbin, a juya kowane wili a kan inji a duba lanƙwasa da tsaga, musamman ta ciki inda ido ba ya kaiwa. A lura da kibiyar da ke nuna inda taya za ta juya, ko rubutun Outside da dole ya kalli waje. A yi balansin, a duba alaimen, a sa sababbin bawul. Notunan MINI ana ɗaure su ne da awo, Nm 120 a tsofaffin, 140 a na baya, ba da taka sifana da ƙafa ba, domin notin da ƙato ya hau kansa ba zai kwantu da sifanar hannu a bakin hanya ba. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 a sake bin notunan, a kuma riƙa auna iskar safayar duk lokacin da aka auna ta sauran huɗun.